Na sayo musu fenti da takardu, ko minti goma ba su yi ba suka koma kan waya

"Malama, yarana uku ne: mai shekara 3, mai 6 da mai 9. An yi dogon hutu, ga su a gida daga safe har dare, ba abin da suke yi sai rigima a kan wayata. Na sayo fensirin kala da fenti da takardu, na duba hotunan abubuwan da ake haɗawa a intanet, na zauna na nuna musu yadda ake yin fure da takarda. Ko minti goma ba a yi ba autan ya yaga nasa, ta tsakiyar ta fashe da kuka wai nata bai yi kyau kamar nawa ba, babban kuma ya ce shi ya wuce wasan yara. Ni ba gwanar aikin hannu ba ce. Me zan ba su su riƙa yi har hutun ya ƙare?"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: me ya watsa zaman furen, sannan me zai shagaltar da yara uku da akwai tazarar shekaru a tsakaninsu ba tare da waya ba. Na ga kin ɗora laifin a kan rashin gwanintarki. Ki sauke shi daga can. Na daɗe ina koyar da ƙananan yara a ajin reno, kuma iyayen da suka fi iya aikin hannu su ne suka fi shan wuya a irin wannan zama, don hannunsu ba ya haƙuri, kafin yaro ya gama lanƙwasa takarda sun karɓe sun "gyara" masa. Abin da ya ɓata zamanku shi ne furen naki ne. Ke kika zaɓe shi, ke kika san yadda ƙarshensa zai kasance, su kuwa aikinsu kawai su kwaikwaya.

Abin da kowannensu ya gaya miki

Autan da ya yaga takardarsa bai yi ɓarna ba, aikin shekarunsa ya yi. Viktor Lowenfeld, wani malamin koyar da zane da ya yi aiki a Amurka, ya bayyana tun 1947 cewa daga shekara 2 zuwa 4 yaro yana matakin zana layuka barkatai ne kawai, yana jin daɗin motsin hannunsa da alamar da fensir ke bari, ba ruwansa da ko abin ya yi kama da wani abu. Yatsunsa ma ba su kai ga lanƙwasa takarda baki da baki ba. A wannan shekarar, in ya riƙe almakashi, ƙoƙarinsa shi ne ya ɗan datsi bakin takarda. Yanka a kan layi sai wajen shekara 4, yanka siffa mai kwana-kwana kuma sai 5 ko 6. Yaga takarda, murɗe ta, dunƙule ta, duk su ne ke ƙarfafa yatsun da zai riƙe alƙalami da su nan gaba.

Ta tsakiyar ce ta fi ba ni tausayi. A shekara 6 idon yaro ya riga hannunsa girma: tana ganin bambancin da ke tsakanin furenki da nata sarai, amma hannun ba zai iya cike giɓin ba. Duk lokacin da babba ya ajiye samfuri a gaban yaro mai irin wannan shekaru, ya ba shi jarrabawar da ba zai ci ba. Shi ya sa a ajina ba na yin samfuri in kafe a bango. In dole sai na nuna wata dabara, misali yadda ake shafa gam kaɗan ba a tuttula ba, a kan wata 'yar takarda daban nake nunawa, sannan in kawar da ita.

Akwai wani bincike da nake yawan ba iyaye labarinsa. A 2011 Elizabeth Bonawitz da abokan aikinta sun ba ƙananan yara wani abin wasa mai bututu huɗu: ɗaya yana ƙara in an ja shi, ɗaya yana kawo haske, ɗaya kiɗa, ɗaya kuma da madubi a ciki. Wasu yaran an ce musu "bari in nuna maka yadda yake aiki", aka nuna musu ƙarar kaɗai. Wasu kuma mai yin gwajin ta yi kamar tsautsayi ne ya sa abin ya yi ƙara, ta miƙa musu. Waɗanda aka "koya" wa sun fi saurin ajiye shi, kuma sun gano abubuwa kaɗan. Yaro yana yarda da babba. In kin nuna masa cewa takarda fure ake yi da ita, ya ɗauka iyakarta ke nan.

Babban kuwa gaskiya ya faɗa. Mai shekara 9 yana son abin da ke aiki da gaske, mai wahala, wanda zai ɗauke shi kwanaki, kuma yana son a ga cewa an bambanta shi da ƙannensa. Zan dawo kansa.

Kayan da za ki tara

Kada ki ƙara sayen komai tukuna. Ki samo babban kwali guda ki mai da shi ma'ajiya, ki riƙa jefa masa ƙananan kwalaye, tsofaffin jaridu da mujallu, marafan kwalba, ƙyallaye, zare mai kauri, bututun takardar bayan gida, safar da ta rasa 'yar'uwarta, soson wanka da ya tsufa. A 1971 wani masanin tsara gine-gine, Simon Nicholson, ya kawo hujjar cewa yawan ƙirƙirar da yara za su yi a wuri ya danganta da yawan abubuwan da za su iya ɗagawa, su juya, su haɗa, su wargaza. Motar roba mota ce yau, mota ce gobe. Kwali kuwa yau mota ne, gobe kanti, jibi asibiti. Ba banza ba gidan adana kayan wasa na Strong da ke Rochester a Amurka ya sa kwali a jerin fitattun kayan wasa a 2005, ya ƙara da sanda a 2008.

Amma kada ki zube musu komai a lokaci guda. A wani ƙaramin bincike na Jami'ar Toledo da aka buga a 2018, an sa yara 36 'yan wata 18 zuwa 30 a ɗaki da kayan wasa 4 a wani zama, 16 a wani. Da kayan suka yi kaɗan, sun fi daɗewa a kan kowanne, sun kuma fi sarrafa shi ta hanyoyi daban-daban. Yaran binciken sun fi naki ƙanƙanta, amma abin da nake gani a aji ke nan har a kan 'yan shekara 6. Abu uku ko huɗu a kan shimfiɗa sun isa zama ɗaya. Sauran ki ɓoye, bayan kwana biyu ki canza.

Abu ɗaya, aiki uku

Dabarar gida mai yara daban-daban ita ce a ba su kaya iri ɗaya, kowa ya ɗauki aikin da ya dace da hannunsa. Ba kya buƙatar shirya abu uku.

Ki fara da kwaɓin fulawa, domin shi ne abin da ban taɓa ganin yaro ya ƙi ba. Kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, ruwa kusan kofi 1 ana zubawa kaɗan-kaɗan har ya daina kama hannu. Babban ne zai auna ya kwaɓa, ba ke ba. Autan ki ba shi dunƙule da cokali da marfin roba, ya daddanna, ya huhhuda, ya mulmula. Zai iya yin minti 15 a haka, kuma a shekarunsa wannan dogon zama ne, in ya tashi ki bar shi ya tafi. Ta tsakiyar za ta yi mutane da dabbobi da kwanuka. In ta ce "Mama, yi mini kyanwa", kada ki yi. Ki tambaye ta ƙafa nawa kyanwa take da shi, kunnenta a tsaye yake ko a kwance, wutsiyarta doguwa ce ko gajera. Za ta yi tsaki, za ta kuma yi kyanwar. Abin da suka ƙera in an bar shi a wuri mai iska kwana biyu zuwa uku yana bushewa ya yi tauri, sai a shafa masa wannan fentin da kika saya. Kin ga aikin rana ɗaya ya haifi na wata ranar. Ki dai lura gishirinsa yana da yawa ƙwarai, ba abin kai wa baki ba ne, ga yaro ko ga dabbar gida.

Daga nan sai ginin gari da kwalaye, wanda zai iya cin mako guda. Ki ware musu kusurwa ɗaya a ɗaki inda ba za a share ba har su gama. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci fiye da yadda iyaye ke zato, domin yaron da ya san za a kwashe aikinsa da yamma ba zai fara babban abu ba. Babban ya zana tituna a kan jaridun da aka manna, ya yanke ƙofofi da tagogi, ya yi gadar da za ta iya ɗaukar nauyin motar wasa. Ki bar gadar ta karye sau biyu, sau uku. Da kansa zai gano cewa takardar da aka ninka kamar matakala ko aka naɗe ta zama bututu ta fi shimfiɗaɗɗiya ƙarfi. Ta tsakiyar ta yi fentin gidaje, ta rubuta sunayen shaguna, ta yi kuɗin takarda. Ba wanda zai ce mata darasin rubutu da lissafi take yi, kuma kada ki gaya mata. Autan ya yayyaga koriyar takarda a manna a matsayin ciyawa, ya tura mota a titi. Zai rushe wani gida, tabbas. Ki ba shi kwalayensa biyu a gefe waɗanda yake da ikon rushewa, kuma ki gaya wa manyan tun farko cewa abin da ba sa so a taɓa su ɗora shi a sama.

Ga babban kuma, abin da na ga ya fi kama 'yan shekara 8 zuwa 10 shi ne wasan inuwa. Farin zane a rataye, tocila a baya, mutane da dabbobin da aka yanka da kwali aka manna a jikin tsinke. Shi zai ƙirƙiro labarin, ya raba wa ƙannensa matsayi, ya gano cewa in ya matso da siffar kusa da tocila inuwar tana girma, in ya kai ta jikin zanen tana ƙanƙancewa ta fito tsaf. Ku sa ranar da za a nuna wa mutanen gida, ta tsakiyar ta yi tikiti. Abin da ke riƙe yaro mai wannan shekaru shi ne ranar da aka sa da kuma 'yan kallo. Sai dai kada ki mai da shi mai reno. Ki ba shi lokacinsa shi kaɗai, da kayan da ƙannen ba su da izinin taɓawa, irin su allura da zare ko almakashi mai kaifi. Wannan bambancin ne zai sa ya yarda ya zauna da su a sauran lokutan.

Akwai kuma wani ɗan wasa da zan so ki yi da ƙananan biyu. Ki ja gidaje 10 a jere a kan kwali, ki rubuta 1 zuwa 10 daga hagu zuwa dama. A wani marfin kwalba ki rubuta 1 a ciki, 2 a baya, a riƙa jefa shi a ga taku nawa za a yi. Ƙa'idar ita ce yaro ya faɗi lambar gidan da yake takawa: in yana kan 3 ya samu 2, sai ya ce "huɗu, biyar", ba "ɗaya, biyu" ba. Geetha Ramani da Robert Siegler sun gwada irin wannan a 2008 da yara 'yan ajin reno, zama huɗu na kamar minti 15 cikin mako biyu, suka ga yaran sun ƙaru wajen gane lambobi da sanin wacce ta fi wacce, kuma bayan mako tara abin bai gushe ba. Waɗanda suka yi wasan da allo mai launuka maimakon lambobi ba su samu wannan ƙaruwar ba. In ya yi wa mai shekara 6 sauƙi, ita da yayanta su zana nasu har 100, da tarkuna da hanyoyin tsallake.

Jiki kafin hannu

Yaron da bai yi gudu ba ba zai zauna ya yi zane ba. Yawancin rigimar da iyaye ke kawo mini ƙara a kanta lokacin hutu, ƙarfi ne ya taru ya rasa mafita. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce yaro mai shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, 60 daga ciki mai sa haki, kuma zaman kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa 1. Ga 'yan shekara 5 zuwa 17 kuma, shawarar hukumar ita ce aƙalla minti 60 na motsi matsakaici zuwa mai ƙarfi a rana. Ko gidan ba fili, ana iya yi: layin alli a ƙasa a bi shi da ƙafa ɗaya, tsallen igiya, wasan ɓuya, jifan safa da aka dunƙule cikin bokiti, rarrafe ta ƙarƙashin kujeru, ɓoye abu a ba su taswirar nemansa.

Don haka ki jera ranar haka: guje-guje da safe, aikin hannu bayansa lokacin da jiki ya yi sanyi, sannan wani lokaci da ba ki shirya komai ba. A nan za su zo su ce sun gaji da zama. Ki ce "to", ki ci gaba da aikinki. Minti goma na farko akwai ƙorafi, bayansa ne wasan da suka ƙirƙiro da kansu yake fitowa, kuma shi ya fi daɗewa.

Wayar kuwa ban ce ki hana gaba ɗaya ba, don hanin da ba za ki iya tsayawa a kansa ba ya fi rashinsa illa. Ki sa mata lokaci guda sananne a rana, da yamma ya fi, kowa da rabonsa, ba kuma dab da barci ba. Sauran yinin kada su gan ta, har a hannunki in zai yiwu. Muddin akwai yiwuwar a samu waya in an matsa da kuka, ba kwali ko fentin da zai yi gasa da ita. Kwana uku na farko za su yi zafi.

Abin da za ki ce in an kawo miki aiki

"Kai, ya yi kyau!" ba laifi ba ne, amma in an faɗa sau ashirin a rana ya zama iska, kuma irin 'yarki mai lura tana gane lokacin da ba ki duba ba. Ki faɗi abin da kika gani: "Na ga kin cika nan da ja, nan kuma kin bar shi fari." Ko ki ce, "Ba ni labarinsa." Ki guji "Mene ne wannan?", musamman ga autan, domin sau da yawa ba komai ba ne, kuma tambayar tana nuna masa ya kamata ya zama wani abu.

Kada kuma ki ce in sun yi zane za ki ba su waya ko wata kyauta. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun ɗauki yara 'yan shekara 3 zuwa 5 da dama can suna son zane, a makarantar renon Jami'ar Stanford. Wasu an yi musu alkawarin takardar yabo in sun zana, wasu ba a yi musu ba. Da aka dawo bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye kayan zanen ba tare da an ce komai ba, waɗanda aka yi wa alkawarin sun yi kusan rabin lokacin da sauran suka yi suna zane. In waya ce ladan aikin hannu, kin gaya musu wanne ne daɗi, wanne ne wahala.

Kwashe kaya ma cikin wasan yake. Ki shimfiɗa tsohuwar jarida ko leda kafin a fara, a sa tsofaffin riguna, fenti kuma kala biyu ko uku kawai a marafai. Saura minti biyar a tashi ki sanar, sannan kowa da aikinsa, har autan, wanda goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma zai iya fiye masa fentin daɗi.

Inda ba a sakaci

Tunda akwai ɗan shekara 3, ma'aunin gidan nasa ne. Ƙa'idar da masu ƙera kayan wasa ke bi a Amurka ita ce duk abin da ya shige bututu mai faɗin santimita 3.17 yana iya shaƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 3. A gida ki gwada da bututun takardar bayan gida, wanda ya ɗan fi haka faɗi: abin da ya wuce ta ciki, irin su maɓalli, duwatsun ado da ƙananan marafai, ba nasa ba ne matuƙar yana kai abu baki, sai kina zaune kusa. Balan-balan da ba a hura ba, ko wanda ya fashe, haɗari ne har ga yaro ɗan ƙasa da shekara 8. Batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin agogo da ƙananan fitilu, in yaro ya haɗiye ya maƙale, yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa 2, don haka asibiti za a nufa nan take ko da yaron yana wasansa lafiya. Haka ƙananan maganaɗisu, in biyu suka shiga ciki suna iya manne hanji su huda shi. Wasan ruwa ko da a bokiti ne ba a barin ƙarami shi kaɗai, a kuma zubar da ruwan da an gama. Ragowar fentin bango ko na mota ba na yara ba ne, kuma robar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko sinadarin wanki ba ta shiga kwalin kayan wasa ko an wanke ta.

Shekarun da na ambata duk kimantawa ce, yara suna gaba suna baya da watanni ba tare da wata matsala ba, kuma ke kike tare da naki, ni saƙo kawai na karanta. Akwai yaron da ba ya son abu mai danƙo a hannunsa ko kaɗan, irin wannan a ba shi cokali ko buroshi, ba a tilasta shi. Amma in kin lura autan ba ya wasan kwaikwayo sam, ba ya haɗa kalmomi, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ta tsakiyar tana kai takarda dab da idonta, ko riƙe fensir yana ba ta wuya fiye da sa'o'inta, wannan ya wuce shawarar malamar aji. Ki kai su wurin likitan yara a duba ji da gani da girmansu tun hutun bai ƙare ba.